Daɓen Garejin Mota a Gida: Yadda Ake Zaɓa da Yadda Ake Aikin, Mataki-Mataki

Duk wanda gininsa ya kai matakin gamawa, tambayar da yakan zo da ita kusan iri ɗaya ce: "Malam, me zan sa a gareji, tayil ko intalok?" Wani kuma ya ga daɓen ifoksi, wani shafi mai kama da fenti da ake yi a kan kankare, mai sheƙi a wurin sayar da motoci, ya shiga ransa. Nakan ce a dakata da maganar sama tukuna, a fara da abin da ke ƙarƙashi. Yawancin garejin da na gani sun lalace, idan aka fasa aka duba, ko dai ciko ne ya zauna, ko kankare ya yi siriri, ko kuma ruwa ya rasa hanyar fita. Ɗakin kwana mutum yake ɗauka, shi kuwa gareji ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya yake ɗauka a kan tayoyi huɗu, ga baƙin mai, ga ruwan wanki, ga zafin taya.

Misalin da zan bi da shi har ƙarshe shi ne garejin mota ɗaya, faɗi mita 3, tsawo mita 6, wato murabba'in mita 18. Farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka lissafin da zan ba ka na adadin kaya ne. Ka riƙe shi, ranar da ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar garinku, sai ka ninka da farashin ranar.

1. Ka san abin da garejin zai ɗauka

Ƙaramar mota irin Corolla ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, Hilux kuwa tana kusan tan 2 tun kafin a loda mata komai, tsawonta ma ya haura mita 5. Ka tambayi kanka: a ciki za a riƙa wanke mota? Makanike zai riƙa zuwa gida yana ɗaga ta da jak? Garejin rufaffe ne, ko rumfar kwano ce kawai a tsakar gida? Amsar waɗannan ita ce za ta zaɓa maka daɓe.

Gargaɗi: da yawanmu a gareji muke ajiye janareta. Kada ka kunna shi a rufaffen gareji, musamman wanda ke da ƙofa ko taga zuwa cikin gida. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutane na barci take ɗauke su.

2. Zaɓin daɓe

Kankare tsantsa shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma idan an yi shi da kyau ya wadatar. Aibinsa shi ne yana shan baƙin mai, tabo ya zauna.

Intalok ya fi dacewa da buɗaɗɗiyar rumfa. Ruwa na bi ta tsakaninsa, idan wani wuri ya lotsa a cire a gyara a mayar, haka idan bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashi. A rufaffen gareji ba na ba da shawararsa, domin yashin da ke tsakani ba ya barin wurin ya sharu tas.

Tayil ya fi kowa sauƙin gogewa, mai ba ya kama shi. Amma shi ne ya fi hukunta mai ha'inci: kuskure kaɗan wajen ɗaurawa, sai ka ji ƙas a ƙarƙashin taya.

Ifoksi shi ne mafi tsada, kuma mafi buƙatar gwani. Ba ya son danshi daga ƙasa, kuma rana na sa shi ya koma rawaya, don haka na cikin inuwa ne.

Ni dai ga wanda kuɗinsa ya yi kaɗan, shawarata ita ce ya zuba su duka a kankare mai kyau, ya yi amfani da shi haka nan. Tayil ko ifoksi za su iya jiran shekara ɗaya ko biyu, su hau kansa ba tare da an fasa komai ba.

3. Awo da gangara

Kayan aiki: tef na awo, igiya, turaku, da tiyo mai haske da aka cika da ruwa, wanda magina ke fitar da lebur da shi.

Ka fara da tsayar da inda saman daɓen zai ƙare. Dole ya ɗara tsakar gida ko titi tsayi, amma ya kasance ƙasa da daɓen cikin gida da kamar taki ɗaya, don kada ruwan wanki ko fetur da ya zube su bi ta ƙarƙashin ƙofa su shiga falo. Idan ƙofar garejin titi take kallo kuma ba a yi wa layinku kwalta ba tukuna, ka ƙara tsayi. Ranar da aka zo aikin titi ana ɗaga shi ne, gidaje da yawa sun wayi gari garejinsu ya zama rami, ruwan Agusta yana kwarara ciki.

Sai gangara. Daɓen ya sunkuya zuwa ƙofa da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A tsawon mita 6, idan ka ɗauki ɗaya da rabi, bayan garejin zai fi bakin ƙofa tsayi da santimita 9. Ka sa a zana wannan layin a jikin bango da alli ko gawayi, dama da hagu, ka gani da idonka kafin a zuba komai.

Gargaɗi: kada ka yarda da "za mu fitar da gangarar wajen shafe". Daga ciko ake fitar da ita. Idan aka bar ta sai sama, wani gefen kankaren zai yi kauri, wani ya yi siriri, kuma siririn yakan faɗo daidai bakin ƙofa inda taya ta fi duka.

4. Ciko da dannewa

A nan ake cin amanar yawancin masu gida, domin aiki ne da ba a gani bayan an rufe.

A kwashe ƙasar sama duka, mai saiwoyi da ciyawa da shara. Idan filinka tsohon juji ne ko kududdufi da aka cike, a haƙa har sai an tarar da ƙasa mai ƙarfi. Masu gini a sassan Borno da Gombe da Adamawa sun san baƙar ƙasar nan mai daddarewa da rani, ta kumbura da damina. Irinta ba a ɗora kankare a kanta kai tsaye, sai an kwashe mai yawa an maye da wata.

Abin cikon shi ne jar ƙasa mai burji. A zuba ta hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa daidai yadda za ta dunƙule a hannu ba tare da ta zama taɓo ba, sannan a danne. Hayar injin dannewa na yini ɗaya ya fi kowane kuɗi da za ka kashe a wannan aikin amfani. Idan babu shi, a yi da madaɓi mai nauyi, amma a rage kaurin hawan zuwa santimita 10. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in taka da dunduniyar takalmi da ƙarfi. Idan sawu ya fito, ba a gama ba.

A saman cikon a jera fasassun duwatsu kamar santimita 10 zuwa 15, a sake dannewa, a bi da yashi a toshe ramukan don kada tsinin dutse ya huda ledar da za ta biyo baya.

Gargaɗi: leburori na son su juye tifa guda su baje, su malala ruwa, su ce ruwa zai zaunar da ita. Saman ne kawai ke zama. Bayan damina ɗaya ƙasan ya nutse, kankare ya rage a rataye, mota ta hau ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta wannan tsagar ruwa da gara za su bi.

5. Maganin gara, leda da ƙarfe

A fesa maganin gara a kan cikon, musamman gindin bango. Sai a shimfiɗa leda mai kauri ta gini, bakin kowace ya hau kan 'yar uwarta da aƙalla santimita 15, a ɗaga ta kaɗan a jikin bango. Aikinta biyu ne: tana hana ƙasa shanye ruwan kankare tun yana ɗanye, tana kuma hana danshi tasowa daga baya. Duk mai niyyar ifoksi wata rana, wannan ledar wajibi ce a kansa.

A kan ledar a ɗora ragar ƙarfe da ake kira BRC, ko a saƙa rodi mai milimita 8 ko 10 da tazarar santimita 20 zuwa 25. A ɗaga shi da ƙananan gutsattsarin kankare da magina ke kira biskit, ya zauna a tsakiyar kaurin. Ƙarfen da ke kwance a kan leda asarar kuɗi ne, ba abin da yake riƙewa.

6. Lissafin kaya da kwaɓi

Kaurin kankare santimita 10 ya ishi motar gida. Idan motar kaya ce, ko tankar ruwa za ta riƙa hawa, a kai shi 15. Kada ka ɗauka jaman ɗin, wato kankaren daɓen da aka zuba lokacin gini, ya wadatar sai ka tabbatar da kaurinsa, domin a gidaje da yawa bai wuce yatsa uku ba.

Haɗin shi ne 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A yaren wurin aiki: buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon gini biyu ne, don haka yana cin kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa, ko ka ce baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Garejinmu mai murabba'in mita 18 a kaurin santimita 10 zai ci kimanin buhu 12, baro 12 na yashi, baro 24 na tsakuwa. Ka sayi buhu 13, domin siminti ya yanke ana tsakiyar zubi babbar matsala ce. Ko Dangote ne, ko BUA, ko Ashaka, ka duba lambar ƙarfin da ke jikin buhu. Akwai 32.5 akwai 42.5, na biyun ya fi dacewa da wurin da mota za ta hau. Ka danna buhun da hannu, idan ka ji dunƙule-dunƙule masu tauri, ya sha danshi a shago, ka bar shi.

Yashin ya zama mai kaifi na rafi. Ka gwada shi: zuba shi a gorar roba kamar santimita 10, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye 'yan sa'o'i. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya kai santimita 1, yashin ya yi datti, a wanke ko a canja.

Ruwa kuwa, jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, ko ƙasa da haka idan yashin jiƙaƙƙe ne.

Gargaɗi: ka tsaya da kanka ko ka tsayar da wanda ka yarda da shi yana ƙirga buhu da baro. Kuma za ka ga masu kwaɓi suna ƙara ruwa don shebur ya yi musu sauƙi. Kwaɓin da ke gudu kamar kunu ba ya ƙarfi, daga baya sai ya riƙa fitar da gari duk lokacin da aka yi shara. Wanda ake so shi ne mai kaurin da zai tsaya a kan shebur.

7. Zubi da shafe

A fara da sassafe, a gama a rana ɗaya, daga can ciki zuwa ƙofa. A bazara kankare na kamawa da sauri, a hunturu kuma busasshiyar iska ce ke zuƙe ruwan samansa ya yi ƙananan tsagu tun bai kwana ba. Saboda haka a tanadi isassun hannu da ruwa tun daren jiya.

Ana zubawa ana caccakawa da rodi ko injin girgiza don iska ta fita, sannan a ja dogon katako miƙaƙƙe a kan alamomin gangarar nan. Bayan haka ruwa zai taso sama yana ƙyalli. A jira ya janye da kansa kafin a fara shafe.

Irin shafen ya danganta da abin da zai biyo baya. Idan haka za a bar shi, a goge da katakon shafe, sannan a ja tsintsiya a kai a hankali zuwa wajen ƙofa don ya yi ɗan kaushi, ƙafa da taya su samu abin kamawa. Idan tayil za a ɗora, a bar shi da kaushinsa. Idan ifoksi ne, a daidaita shi sosai.

Tun ran gini ran zane: a ranar, ko washegari da safe, a yanka layi a tsakiyar tsawon, garejin ya rabu gida biyu, mita 3 kowanne. Zurfin yankan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato santimita 2 da rabi. Kankare dole ya tsuke idan yana bushewa, wannan layin ne ke sa tsagar ta bi inda ka zaɓa mata.

Gargaɗi: kada a barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan da ya taso don a samu sulɓi. Ranar farko zai yi kyau kamar madubi, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa daidai inda taya ke juyawa. Ga shi kuma da santsi idan ya jiƙe.

8. Ban ruwa

Siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da bushewa ba. Da zarar saman ya kama, a rufe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko yashi mai laima, a riƙa ba shi ruwa safe da rana da yamma har kwana 7 aƙalla. A buɗaɗɗiyar rumfa, a yi ɗan kunya da yashi a gefe a tara ruwa a kai. Ƙaramar mota kada ta hau kafin mako guda, ni nakan ce a ba shi biyu. Babbar mota sai bayan kwana 28, lokacin da kankare ya kai ƙarfin da ake lissafa masa.

9. Idan tayil ka zaɓa

Ka nemi tayil irin wanda ake kira fosilin, mai kauri, kamar milimita 10, marar sheƙi. Ka juya bayansa ka ɗiga ruwa. Idan ya shanye nan take, na ɗaki ne ko na bango, ka mayar. Na gaske ruwan zai tsaya a kai. Kwalin tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda huɗu ne, wato murabba'in mita 1.44. Da ƙarin kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, kwali 14 za ka saya. Ka ajiye ragowar, domin samun irinsa bayan shekara biyu sai an yi sa'a.

Da yake fosilin ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti zalla ba ya kama shi sosai, gam na tayil ya fi. A shafa gam ɗin a daɓe da cokali mai haƙora, a shafa siriri a bayan tayil ɗin, a danna a bubbuga da gudumar roba. A bar tazarar milimita 3 tsakani, a cike da abin cike mai duhu. Layin nan da aka yanka a kankare, a daidaita haɗin tayil ya faɗo a kansa.

Gargaɗi: a garejin yayana na ga abin da cike biyar ke jawowa. Mai tayil ya ɗora kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya, ya danna, aiki ya yi sauri, siminti ya ragu. Ranar da makanike ya kafa jak don canja birki, tayil ɗin ya fashe gida uku, motar ta karkata. Da muka ɗaga gutsuren, ƙarƙashinsa rami ne har da gidan tururuwa. Muka bi sauran da makulli muna ƙwanƙwasawa, fiye da rabi suna amsawa kamar ganga. Ka yi wannan gwajin washegarin ɗaurawa, kafin ka cika kuɗin aiki. Wanda ya yi ƙarar kogo a cire shi a sake. Ko tayil ya ɗauru da kyau, a riƙa sa guntun katako a ƙarƙashin jak.

10. Idan intalok ne

Shi ba ya buƙatar kankare, amma mataki na 3 da na 4 suna nan daram. Mai kaurin santimita 6 na motar gida ne, mai 8 na manyan motoci. Irin mai siffar bulo, santimita 20 da 10, guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya, wato 900 a garejinmu. Ka ɗauki biyu ka buga su da juna, idan gefe ya rududduge an yi rowar siminti, araha kuwa ba ta ado.

A fara kafa dakalin gefe da kankare, shi ke hana su bajewa. A baje yashi santimita 3 zuwa 5, a jera, a bi da injin dannewa, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a sake dannewa.

11. Idan ifoksi ne

Kankare ya cika kwana 28 tukuna. Sannan a gwada danshi: a manna ledar da ta kai kamar rabin mita a daɓen da salatef ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. Idan aka ɗaga aka ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, ba a shafa ba, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare.

A goge saman da injin gurza har ya yi kaushi, a kwashe ƙurar tas. Idan tsohon daɓe ne, tabon mai sai an fitar da shi: a zuba garin katako ya tsotse, a bi da ruwan zafi da omo da burushin waya, a bar shi ya bushe sarai. Ifoksi gwangwani biyu ne da ake haɗawa bisa awon da ke rubuce a jiki. Da an haɗa ya fara kamawa, a zafin Afrilu kuwa saurin ya fi haka, don haka a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan. Shafin farko na share fage ne, sai biyu a kansa. A barbaɗa yashi mai laushi a shafin tsakiya don rage santsi.

Gargaɗi: a buɗe ƙofa don iska, a sa safar hannu, kada a kunna wuta ko taba a kusa. A kauce wa ranar da ƙurar hunturu ta taso, duk abin da ya sauka a kai ya zauna ke nan. Kuma fentin daɓe na gwangwani ɗaya ba ifoksi ba ne, ko da mai shago ya kira shi haka. Tayar da ta sha titi da rana tana ɗauke shi idan ta huce a kai. Mota ta jira mako guda kafin ta shiga.

12. Gwajin ƙarshe kafin biyan ragowar kuɗi

Ka ɗebo bokiti biyu na ruwa, ka watsa daga can bayan garejin, ka tsaya ka kalla. Ya kamata ruwan ya miƙe zuwa ƙofa, ya sauka ta gangarar shiga, ya faɗa kwata. Inda ya taru ka zagaye da alli ka nuna wa mai aiki tun yana nan. Daga nan ka shigo da motar a hankali, ka duba ko cikinta na gogar bakin ƙofa, musamman idan mai ƙasa-ƙasa ce da kaya a but. Idan tana ɗigar mai, ka ajiye tsohon faranti da yashi daidai ƙarƙashin injin tun daren farko.